Ku Daina Ce Wa Mutumin Tunga Ya Sayi Kyamara

Jama'a, akwai wata shawara da ta zama yayi a bakin 'yan boko da 'yan siyasarmu na birni, kuma wallahi ta ishe ni. Duk ranar da aka kai hari wani ƙauye a Shagari ko Tureta ko Kebbe, kafin a dawo daga maƙabarta sai ka ga masana sun fito a Facebook. Wannan ya ce a sa kyamarar tsaro. Wancan ya ce a ja doguwar katanga a ɗora mata waya. Wani ya ce fitilar sola ce magani. Na ƙarshe, wanda ya fi kowa ɗaga murya, ya ce kowa ya nemi bindiga ya kare kansa. Dukkansu daga cikin garin Sakkwato suke rubutu, wasu ma daga Abuja, a gidan da ke da maigadi a ƙofa da ofishin 'yan sanda a bayan layi.

To, wa muke magana a kai? Ba mai gida a bakin kwalta cikin garin Bodinga ba, ba kuma na tsakiyar Shagari ba. Mutumin da ke tunga nake nufi, gida uku ko huɗu a tsakiyar gonaki, wani ma shi kaɗai ne da iyalinsa da rumbunsa da 'yan awakinsa. Da shi da Bafulatanin da ke ruga. Idan ka sauka daga babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega, ka shiga hanyar burji, burjin ya ƙare ka koma ta ƙafa, can za ka same shi. Da damina gero da dawa sun rufe gidan, mutum na iya zuwa bakin danga ba a gan shi ba. Wannan mutumin ake ce wa ya sayi kyamara.

Mu ɗauki kyamarar mu duba ta da kyau. Kyamara ba ta hana kowa shiga gida, gani kawai take yi. Amfaninta a birni shi ne ɓarawon birni yana tsoron a gane fuskarsa, kuma akwai wanda za a kai wa hoton ya bi sawu. Su waɗannan da ke zuwa tunga a kan babura, mutum biyu ko uku a kowane babur, kowa da AK-47 a kafaɗa, yaushe suka taɓa ɓoye fuska? Mutanen da ke ɗaukar kansu bidiyo suna watsawa a TikTok? Bello Turji kowa ya san fuskarsa da muryarsa, shekara nawa ke nan? Rashin hoto bai taɓa zama matsalarmu ba. Sannan kyamara na son wuta dare da rana, ke nan sai faifan sola da batir, in kana son ka gani a waya sai data da sabis mai ƙarfi, a wurin da mutum ke hawa tudu kafin ya samu ya kira ɗansa.

Na san wani ɗan'uwanmu mai aiki a birni da ya yi wa mahaifinsa wannan hidima da zuciya ɗaya. Ya kawo mai haɗawa, aka kafa kyamara biyu da faifan sola a kan ɗaki. Ba a yi wata ba sunan gidan ya koma "gidan mai kyamara", har a kasuwa da shi ake kwatance. Tsohon ya aika aka kira shi ya ce, "Ɗauke abinka, ɗana. Kai kana birni, mu ka kwana nan. Wanga abu shela yaka yi muna." Kuma gaskiyar dattijon ce. A wurin da ake satar mutum don kuɗin fansa, duk abin da ya nuna cewa gidan nan yana da ɗa mai albashi, gayyata ce. Barayin daji ba su san wa ya sayar da sa ranar kasuwa ba, ba su san ɗan wa ya turo kuɗi ta POS ba. Wani ne a cikinmu yake gaya musu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma infoma ba ya bukatar ya tsallaka katangarka, tare kuke sallah.

Katangar ma haka. Kowa ya san abin da buhun siminti ya koma. Manomin da zai iya kewaye gidansa da bulo mai tsawon mutum biyu ya sa ƙofar ƙarfe, ai da kuɗin ya sayi fili a cikin gari. In kuma ya yi ƙoƙari ya gina, me ya samu? Gida ɗaya tilo mai katanga a tsakiyar gidajen danga, ana hango shi daga nesa. Ranar da suka zo, su harbe makulli ko su ce a buɗe ko su sa wuta, sai katangar da aka gina don ta tsare iyali ta zama kurkukunsu, domin ƙofa ɗaya ce kuma maharan na tsaye a bakinta. Ku tambayi waɗanda suka tsira daga hare-haren nan yadda suka tsira. Za ku ji mutum ya ce ya keta danga ta baya ya faɗa cikin dawa, ya kwana a kwazazzabo. A irin wannan gida hanyar fita ta fi katanga daraja, kuma ba ta cin ko kwabo: a bar wata kafa ta baya wadda mata da yara suka sani, a yi magana tun da rana a kan inda za a haɗu in an watse.

Yanzu maganar da ta fi zafi, bindiga. Wannan kira ba sabo ba ne, kuma ba daga ƙananan mutane ya fara ba. Janar T. Y. Danjuma ya yi shi a Jalingo a 2018. Aminu Bello Masari ya yi shi yana gwamnan Katsina. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle a Zamfara ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga, sai 'yan sanda suka ce ai an dakatar da ba da lasisin, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce bai yarda ba. Kun ga wasan? Hukuma ɗaya ta ce ka nemi makami, ɗaya ta ce in an gan ka da shi ka shiga uku. Dokar bindigogi ta ƙasar nan, wadda aka yi tun 1959, ta raba su kashi-kashi: irin ta soja sai da izinin shugaban ƙasa, ta farauta mai harsashi sai da lasisin sufeto janar, abin da ya rage wa talaka shi ne bindigar toka, ita ma da takardar kwamishinan 'yan sanda. Wato harba-ka-ruga. Mutum ɗaya da harbi ɗaya, a gaban mutum ashirin masu bindigar da ke zuba harsashi talatin kafin a canja gida. Wane lissafi ne wannan? Kuma wanda ya yi harbin nan ɗaya daga gidan da ba shi da maƙwabci, ya sa hannu a kan takardar mutuwar duk namijin da ke cikin gidan.

Kada wani ya juya min magana. Ban ce mutum ya miƙa wuya a yanka shi ba. 'Yan banga da mafarautan da ke kwana a waje don mu yi barci, da yawansu sun ba da rayukansu, Allah Ya jiƙan su Ya dubi bayansu. Abin da nake cewa shi ne makami yana aiki ne a hannun jama'a mai tsari da shugaba da wanda zai tuhume ta. In babu wannan, mun ga inda yake kai mu. A watan Oktoban 2021 'yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande a Gwadabawa suka kashe Fulani, har da limami. Ba a yi sati biyu ba aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka mutu, kuma da yawa sun ɗauke shi a matsayin ramuwa. A watan da ya biyo baya gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta 'yan sa-kai a jihar. Wa ya biya kuɗin wannan ramuwar gayya? Ba wanda ya ja kunama ba. Mai tunga ne da mai ruga, waɗanda ba su da inda za su ɓuya. Duk wanda ke son a shuka wannan iri a Shagari da Bodinga, inda Bahaushe da Bafulatani suke cin kasuwa ɗaya suke auratayya, ya fara gaya mana a gidan wa zai kwana ranar girbi.

Akwai wani abu da masu shawarar nan ba su tsaya sun yi tunani a kai ba, kuma tarihinmu ne. Gidan da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar gona ɗan zaman lafiya ne. A zamanin yaƙe-yaƙe kakanninmu ba su zauna haka ba, a bayan ganuwa suke kwana, su fita gona da safe su dawo kafin a rufe ƙofa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, nan cikin ƙasar Bodinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓi jagoranci a 1817 ya tarar ana kai wa talakawa farmaki daga kan iyakoki, bai aika musu da wa'azin kowa ya tsare gidansa ba. Ribaɗi ya kafa: garuruwa masu ganuwa a kan iyaka, da mayaƙa a ciki, da malamai da masu sana'a, ya tara mutanen da ke warwatse ya zaunar da su. Shi da kansa ya tare a Wurno, ribaɗinsa, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Shugaba ne ya je ya kwana a bakin daga. Sai bayan 1903, da hare-hare suka lafa, jama'a suka samu zarafin fita daga ganuwa suka bazu kusa da gonakinsu, tungaye suka yawaita. Ma'ana, abin da ya tsare gidan tunga shekara ɗari ba katanga ba ce, ba bindiga ba ce. Sanin da kowa ya yi ne cewa in ka taɓa shi akwai hukumar da za ta bi ka har inda ka shiga. Wannan sanin ne ya mutu. Ba a sayar da shi a shagon kayan lantarki.

Shi ya sa nake kiran shawarar "kare kanka" da sunanta: sauke nauyi. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaron jama'a da walwalarsu shi ne aikin farko na gwamnati. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar. An riƙe ikon, an hana ka makami, sannan an ce nauyin yana kanka. Kuma 'yan sandan ina suke? Sai da ta kai a watan Nuwamban 2025 shugaban ƙasa ya ba da umarnin a janye su daga gadin manyan mutane, umarnin da sufetoci da dama suka sha bayarwa a baya. Wato hukuma da bakinta ta yarda cewa waɗanda ya kamata su kwana a Kajiji da Dandin Mahe da Danchadi suna buɗe wa wasu ƙofar mota. Ba wata jam'iyya nake ware wa ba, kowa ya ɗanɗana mulki a jihar nan da ƙasar nan, kuma mutumin tunga bai ga bambanci a darensa ba.

Abin takaici, ko ɗan abin da yake da shi an taɓa karɓewa. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato, wai don a toshe wa 'yan bindiga sadarwa. Su suna da babura da 'yan aike, na kan iyaka ma suna kama layin Nijar. Talaka ne ya rasa yadda zai ce wa ƙauyen gaba "ga su nan tafe." Ga kuma wani abin mamaki na baya-bayan nan: daren 25 ga Disamban 2025 Amurka ta harbo makamai cikin jihar nan, ɓaraguzai suka faɗo a Jabo, nan maƙwabtanmu a ƙasar Tambuwal. Makami ya iya tasowa daga wata duniya ya iso Jabo, amma motar sintiri ba ta iya tasowa daga hedikwatar ƙaramar hukuma ta iso tunga kafin gari ya waye. A daminar shekarar 2025 mutanen Shagari sai da suka fito suka tare babbar hanya kafin a ji kukansu. Garin da ya haifi shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko, Alhaji Shehu Shagari, Allah Ya jiƙan shi.

To me ya rage wa mai gidan? Zan faɗi abin da na gani yana aiki, kuma duk ba na sayarwa ba ne. Abin da gida shi kaɗai zai iya saye shi ne mintuna. Kare yana jin motsi tun mutum bai ji ba, su kuwa maharan sukan ajiye babura nesa su ƙaraso da ƙafa don kada a ji ƙara. Masu cewa haramun ne su koma wurin malamansu: an yi rangwame a kan karen kiwo da na gona da na farauta, kuma malaman Malikiyya suna kawo labarin cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar da muke karantawa a zaure, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Zabi ma haka, ba su ganin baƙon abu su yi shiru. Shingen ƙaya mai kauri ba ya hana shiga, amma yana jinkirtawa, kuma ba ya nuna arziki. Fitila kuwa, in za a sa, a juya ta ta haska waje, cikin gida ya zauna da duhu. Wanda ya haske tsakar gidansa ya nuna wa na waje komai, shi kuma ya makance. Kada shanu da hatsi da kuɗi da mutane su kwana wuri ɗaya. Kada a yi cinikin dabba a bainar jama'a a ƙirga kuɗi a gaban kowa. A ajiye waya da caji, da layi biyu, a san daidai wurin da sabis yake kamawa. Tungaye huɗu ko biyar su yi yarjejeniya a kan alama ɗaya, ganga ce ko usur ko lasifikar masallaci, kuma a sa rugar da ke kusa a cikin yarjejeniyar, domin sau da yawa ita ce ke fara ganin baƙi, ita ce kuma ke fara rasa shanu.

Amma duk wannan mintuna goma ne ko ashirin. Ihu ne. Tambayar ita ce wa zai amsa ihun? In babu mai amsawa, kare ya yi haushi ne kawai don a samu a gudu. Nan ne ya kamata duk surutunmu ya koma. A 2024 gwamnatin Ahmad Aliyu ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, bayan Katsina ta yi tata a 2023, Zamfara ta yi Askarawanta a farkon 2024. Madalla, tunani ne mai kyau, don yaran gari sun san hanya sun san fuska. To a ina suke kwana? In a sakatariya ne a bakin kwalta, an yi ribaɗi a tsakiyar birni ke nan. A kai su mashigar da kowa ya san ta nan ake shigowa, ta ɓangaren Tureta da hanyar Kajiji zuwa Gummi, a ba su mai da alawus a kan lokaci, a haɗa su da soja da waya ɗaya wadda ake ɗauka ƙarfe biyun dare. An ce mana akwai lambar gaggawa 112. Wanda ya taɓa kiranta daga tunga aka zo, ya rubuta mana a ƙasa, ina son in ji.

Kuma tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa kuɗin ƙananan hukumomi a hannunsu za su shiga kai tsaye. To shugabannin Bodinga da Shagari da kansilolinsu su fito su gaya mana: nawa ya shigo, nawa ya tafi tsaro? In kuɗin bai iso ba, su faɗi wanda ya tare. Kwalbati ɗaya a kan rafin da ke raba tunga da gari da damina ya fi kyamara ɗari, don shi ne zai sa motar jami'ai ta wuce. Turken waya ɗaya a wurin da babu sabis haka. Infoman da aka kama kuma a kai shi kotu a yanke masa hukunci kowa ya gani, kada a sake shi bayan kwana uku ya dawo yana nuna wanda ya tona shi, kada kuma a bar matasa su kashe mutum a kan zargi, gobe a gane gabar gona ce.

Saura maganar da ba wanda yake son ya faɗa. Akwai tungayen da a halin yanzu ba su kwanuwa, ko me aka yi. Mutanensu sun riga sun gane, shi ya sa za ka ga mata da yara da tabarmi a ka da la'asar suna nufar gari, da asuba su koma. Wasu a makarantar firamare suke kwana, wasu a zauren dangi, wasu a rumfar kasuwa. Talaka ya koma tsarin Muhammadu Bello da ƙafarsa, ba tare da Muhammadu Bello ba. Maimakon a riƙa yi musu kallon 'yan gudun hijira ana raba musu kwanon shinkafa ana ɗaukar hoto, hakimai da ƙaramar hukuma su yanka musu filaye a gefen manyan garuruwa, da rijiya da aji, a rubuta cewa gonakinsu na can nasu ne ba wanda zai taɓa, a kuma sa masu rakiya a lokacin shuka da girbi. Na tambayi wata tsohuwa da na tarar a irin wannan tafiya ta la'asar, ɗauke da jikanta, na ce, "Inna, har yaushe za ku yi ta wannan jeka-ka-dawo?" Ta ce, "Ɗan nan, in munka samu wurin da za mu kafa ko bukka ta, mu huta. Gona dai ba mu bari nata, ita muka ci." Fili take nema mai faɗin ɗaki biyu, kuma ƙaramar hukuma tana da ikon ba ta shi gobe da safe.